Shekara Arba'in Cikin Kwana Ukku

Baba, yau wata shida ke nan da muka raka ka makwancinka, kuma har yanzu in iska ta taso daga fadama ta biyo ta ƙofar zaurenka, sai in ji ƙanshin bagaruwa da sabuwar fata kamar kana ciki ka tanƙwashe ƙafa kana ɗinki. Kai ka sha cewa a gidan makoki ma, in aka daɗe zaune, sai wani ya yi abin dariya. To an yi. Ƙanenka ne ya yi, Bappa Malami, da jakunkunan nan da ka bari. Da kana nan, na san sai ka ajiye basilla ka riƙe ciki.

Duk Wurno an san Malami ƙanen Isa Baduku ne, wato ƙanenka, kuma abin da ke ci masa rai ke nan. Ya haura hamsin, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hula, amma in aka ce Malami sai an ƙara da "na Isa", kamar akuyar da aka ɗaura wa igiya. Ya taɓa dillancin awaki, ya taɓa karen mota, ya yi tallan maganin ƙwari da lasifika kasuwa-kasuwa. Dukanci kuwa, gadon gidansu, ya bar shi tun ranar da ya ɗinke wata jaka sama da ƙasa, aka rasa ta inda za a sa hannu. Amma a baki babu fatar da bai jeme ba. Ya ce ya je Agadas, dukawan can sun miƙe tsaye da suka ji sunan garinsu.

Abu ɗaya da ba ya rabuwa da shi shi ne wata tsohuwar burgame, jakar ratayawa, wadda wansa ya ɗinka masa shekarar da ya fara fita ci-rani. A ciki yake zuba goro, da waya, da guntun ƙuli-ƙuli, da takardun da ba a san na mene ne ba. Kunyarta yake ji. Kullum yana cewa da ya samu sarari zai jefar da wannan tsumma ya sayi 'yar Cana mai zif.

Kafin ajali ya zo, wata Hajiya Nafisa, 'yar Sakkwato mai shagon kayan fata a Abuja, ta sa Isa ya ɗinka mata jaka dozin guda, na fatar akuya, ba rini ba ado. Da aka buɗe zaure bayan addu'ar bakwai, goma sha ɗaya aka tarar rataye a jere, farare tas kamar cikin ƙwarya. Aka ce ajali ya riga ta ƙarshen. Inna Sabuwa, matar marigayi, ta rufe zauren ta ɗaure mabuɗin a gefen zane, ta ci gaba da takaba.

Bayan ta fita takaba, wata rana da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Malami na zaune a tsakar gidan yana shan kununta, kamar yadda ya saba tun tana amarya. Ta sa wayar a fili don kunnenta ya fara nauyi.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Hajiya ta ce, "Inna, masu saye yanzu ba sa son sabuwar jaka fara sol. Mai duhu suke so, kamar wadda kaka ya yi ta yawo da ita ya mutu ya bari."

Inna ta ce, "To Hajiya, in tsohuwa suke so, mi ya hana su saye su jira?"

"Mutanen birni ba su da lokacin jira. Marigayi ya ce mini ana iya duhunta ta."

"Ya ce. Man gyaɗa kaɗan bisa tsumma, hantsi kaɗan, hannu da yawa. Rani guda."

"Ni kwana goma gare ni. Zan zo gida, zan biyo ta kasuwar Achida."

Nan Malami ya ajiye ludayi ya karɓe wayar. "Hajiya, Malami na. Wanga sirri ni na koya ma Yaya shi, Allah shi jiƙan shi, sai dai shi mutum na mai sanyin jiki. Kwana goma ya yi yawa. Ba ni ukku, in sa musu shekara arba'in."

Da aka kashe waya Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai, ƙanen miji, ko maɓalli ka taɓa ɗinkewa ya zauna?"

"Matar Yaya, ɗinki daban, tsufarwa daban. Ke da kanki, wa ya tsufar da ke in ba ni ba?"

"Wannan kam ka iya." Ta taɓa kullin mabuɗin. "To ji. Mu'azu ya dame ni in ba shi zauren ga shi zuba albasa. Ni ko ban so wurin da anka yi shekara arba'in ana ɗinki shi koma rumbu. Waɗanga jakunkuna su na aikin hannun wanka na ƙarshe. In ka fid da mu kunya, ga mabuɗi, ga buzun zama, ga kayan aiki. In ka ɓata, albasa ta shiga."

Malami ya riga ya hango kansa a kan buzun, mutane na sallama suna cewa Malami kawai. Ya kwashe jakunkunan a kafaɗa ya fita. A ƙofar gida ya yi karo da Mu'azu mai albasa, maƙwabcinsu, abokin faɗansa tun suna kiwon jakai.

"Na Isa, ina za ka da amanar mutane?"

"Makaranta za ni kai su. Ka nemi wani wurin ma albasarka, kar ta ruɓe tana jira."

"Albasa ta iya jira. Kai na ba ka iya ba."

Lissafin Malami a fili yake. In man gyaɗa ɗan kaɗan yana ba da rani guda, to man shanu ƙwarya guda zai ba da arba'in, don man gyaɗa man talaka ne. Ya hau mota sai Rabah, wajen Adawiyya, Bafillatanar da man shanunta ya yi suna. Ya ce ta juye masa duk abin da ke ƙwaryar.

"Baaba, biki za a yi?"

"Jakunkuna za ni ciyarwa."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Jaka tana cin mai?"

"Ku kun san saniya da rai. Mu munka san ta bayan ta mutu."

"Ai wannan fatar akuya ce, Baaba."

"Zuba dai."

Ta zuba, ta ce Allah ya sa su yi ƙiba.

Ya dawo Wurno ya yaɓe su ciki da waje kamar mai yaɓen ɗaki, ya jera su a kan katangar da ta raba gidansa da na Mu'azu. Marigayi ya ce hantsi, to shi zai ba su tsakar rana, ta bazara, wadda ko ƙadangare ke gudu. Kafin azahar man ya narke ya gangaro, ya ɗiga a kan Mu'azu da ke kishingiɗe a ɗan inuwar gindin katanga. Mu'azu ya shafa ƙeya, ya sansana, ya ɗaga kai.

"Na Isa, in tuwo za ka yi da ni, ka bari in tuɓe riga."

Da la'asar jakunkunan sun yi duhu, ba a musu, sai dai duhun bai yi shawara da juna ba. Nan baƙi, nan ja, nan fari, kamar bayan zabuwa. Kiyashi sun yi layi daga gindin katanga har sama. Malami na cikin kaɗe su da hula sai wani jan kare na mafarauta ya daka tsalle ya cafke ɗaya. Da ya fizga, igiyar ratayawar ta sarƙe masa a wuya, ya bi layi da gudu jaka na lilo a gefensa. Malami ya bi shi, burgame na dukan ƙugunsa, ta gaban masu shayi, ta gaban maƙera, har bakin tasha. Nan karen ya shige ƙarƙashin wata motar itace ya ɓulla ta can, ba a sake ganinsa ba.

Wani mai shayi ya ce, "Karen ma ya ga babu a garin ga, ya rataya jaka ya tahi ci-rani."

Malami ya tsaya yana haki. "Gwaji na. Jakar da kare ya yarda da ita, mutum ba shi ƙin ta."

Saura goma.

Ya kwana biyu yana kallon ɗigo-ɗigon nan, sannan dabara ta zo masa a ɗakin girkin matarsa. Ya ɗaga kai ya ga azara ta yi baƙi ƙirin, sumul, ba inda ya fi wani. Mi ya yi wannan aikin? Hayaƙi. Kuma ina hayaƙi ya fi zama da gindinsa? Goronyo, bakin dam, wajen masu bandar kifi.

Ƙasimu mai banda mutum ne mai haƙuri. Ya saurari bayanin har ƙarshe, ya nuna masa wata igiya can sama kusa da rufin rumfa.

"Rataya su can, Malam, nesa da wuta. Ka dawo bayan mako biyu."

"Mako biyu? Kifinka kwana nawa shike yi?"

"Kifi a kan raga shike, kusa da garwashi."

"To mi kifi ya fi jakata da shi?"

"Kifi cin shi ake yi."

Ƙasimu ya tafi bakin ruwa karɓar kifi wajen masunta. Yana juya baya Malami ya sauko da jakunkunan ya shimfiɗa su a kan ragar, tsakanin tarwaɗa da tarwaɗa, ya ƙara itace biyu don a yi ta a gama. Man shanun da fatar ta sha ya ji ɗumi ya fara ɗiga. Garwashi ya ce bismilla. Kafin Malami ya gama ɓare goro, wuta ta tashi har ta lashi rufin rumfar. Ya sa hannu ya janyo, ya ƙone, ya sa sanda ya yi ta watso su waje, da jaka da kifi duk ɗaya. Matan da ke gyaran kifi suka kawo ruwan wankinsu, mai ƙaya da hanji, suka sheƙa a kan komai.

Da hayaƙi ya lafa, ɗaya ta zama toka, sai ƙarfen maɓallinta. Sauran tara sun tsuke. Jakar da aka ɗinka don ta ci zane da waya da kayan kwalliya, yanzu da ƙyar za ta ci goro goma.

Ƙasimu ya dawo ya tsaya. Ya dubi rufin, ya dubi kifin, ya dubi Malami. Ya ɗauki tarwaɗa ɗaya da ta ƙone ƙurmus ya miƙa masa.

"Riƙe. Ita ma ta yi shekara arba'in."

A motar dawowa ba a kai Taloka ba wata tsohuwa ta ce wa ya ɗauko miyar jiya. Direba ya tsaya ya ɗaure buhun jakunkunan Malami a saman mota. Aka ci gaba, warin bai ragu ba, sai aka gane ba buhun kaɗai ba ne. Malami ya ƙarasa Wurno a saman mota, rungume da kayansa, yana gaya wa iska cewa manyan masu sana'a dama ba su son cunkoso.

Inna ta aika a kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ta ce ya ƙara ja baya.

"Yau kwana biyat, ƙanen miji."

"Kwana ukku na aiki nic ce. Ban ce a jere ba."

"Kawo in gani."

"Ba a buɗe tukunya tana tsakar dahuwa."

"Dahuwar ta iso ni tun daga nan. Kyanwoyin unguwa duk sun koma gidanka, ɓeraye na ta biki a nawa." Muryarta ta sauka. "Malami, hannun wanka na bisa abin ga. Ka tuna."

Ya tuna. Amma kafin ya kai gida ya riga ya binne tunanin da wata sabuwar dabara. Mi ke cinye wari? Ƙasa. Kuma duk tsohon abin da aka taɓa yin mamakinsa, daga ƙasa aka tono shi.

Da sassafe ya gangara fadamar shinkafa da fartanya. Ya tona rami ukku a cikin laka, ya sa ukku-ukku, ya rufe. Na farko ya kafa masa kara. Na biyu ya ɗora masa takalminsa ɗaya. Na ukku ya duba bai ga abin sa alama ba, sai ga wata balbela tsaye daidai wurin, fara fat, ana hango ta daga nesa. Ya ce wannan ta isa. Ya koma gida da takalmi ɗaya.

Bayan kwana biyu ya dawo. An saki ruwa a gonakin. Karan na nan, takalmin ya yi gaba, balbelu kuwa sun fi ɗari, kowace tsaye kamar ita aka bar wa amana. Malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya nufi wannan ta tashi ta sauka can, sai ya tona inda ta tashi. Masu dashe suka bar aiki suka hau kan kunyar gona suna ba shi shawara.

"Ba ita ba ce, na Isa, waccan mai dogon wuya."

"Tambaye ta mana, halan ta sauya wuri."

Mu'azu, da ya zo duba albasarsa, ya zauna a kan injin ban-ruwa ya ce, "Ku bar shi. Ya shuka jaka, shina neman ta tsiro."

Kafin rana ta take, Malami ya tumɓuke dashen mutum biyu, an kore shi sau ukku, ya fito da jaka bakwai. Lakar fadama ta yi nata aikin. Sun koma wani launi da ba shi da suna, tsakanin toka da shuɗi, kamar sararin da ya yi niyyar ruwa ya fasa. Ya ɗauraye su a magudana ya shanya a rana. Da suka bushe suka ƙandare, bakinsu ya murɗe, in an ƙwanƙwasa sai su amsa. Warin kuwa bai tafi ba, abokai ya samu: man da ya yi tsami, kifi, ga kuma laka. Safiyar kasuwa ya juye musu kwalbar turare guda. Warin ya karɓi turaren ya yi ado da shi.

A Achida bai nemi lungu ba. Ya shimfiɗa tabarma a bakin hanya, inda motocin Sakkwato ke sauke mutane, ya rufe kayan da farin zane, ya ari lasifika wajen wani tsohon abokin tallansa.

"Jama'a ku matso ku ga abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Agadas. Jaka sabuwa ta kwana, ta tashi tsohuwa. Abuja da kanta ta aiko a ɗauka."

Mutane suka taru. Ƙudaje sun riga su. Mu'azu ya bar buhunansa ya zo ya tsaya a sahun gaba ya harɗe hannu. Wata mai tuwo-tuwo da ake kira Kyauta ta bi hancinta har bakin tabarmar, ta ɗaga gefen zanen, ta lallatsa ɗaya da yatsa.

"Malam, gandan ga nawa-nawa? In na jiƙa shi yau, shina nuna gobe?"

"Sakar min kaya, baiwar Allah. Jaka ta."

"Jaka?" Ta sake dubawa. "To wa ya soya ta?"

Ana cikin haka wata mota mai sanyi ta tsaya. Hajiya Nafisa ta fito cikin farin leshi, waya a hannu, tana ɗaukar hoto mai motsi don masu sayenta su gani da idonsu. Tana tafe tana cewa ga ta a gida, wajen dukawa na asali, 'yan gado. Da ta rage taku biyar ta daina magana. Da ta rage ukku ta ja mayafi ta rufe hanci.

Malami ya yaye zanen da hannu biyu.

Kasuwa ta yi tsit, har ana jin wani rago na kuka can wajen 'yan tumaki. Jakunkunan nan bakwai suna zaune a tabarma kamar kwaɗin da mota ta bi ta kai.

Hajiya ta ce, "Ina sauran? Kuma ina waɗanda marigayi ya ɗinka?"

"Su na, Hajiya. Huɗu ba su jure karatun ba. Waɗanga su sunka sauke."

Ta sa yatsa biyu ta ɗaga ɗaya ta igiya. Igiyar ta biyo hannunta, jakar ta zauna inda take. Malami ya yi maza ya ɗauki wata.

"Waccan ta fi tsufa. Dibi wagga, dibi cikinta."

Ya ja murfin, ya ƙi. Ya sa gwiwa ya danne ya ja da ƙarfi. Jakar ta ce ƙwas, ta rabe biyu kamar busasshiyar ƙwarya, curin laka ya faɗo, da kan tarwaɗa a tsakiya, ya gangara ya tsaya a kan farin takalmin Hajiya. Daidai nan wata ungulu daga wajen mahauta ta sauka a kan rumfar da ke kusa, ta karkata kai tana jiran a watse.

Mu'azu ya ce, "Hajiya, kar ki ga laifinai. Tsufa kinka ce. Shi ko mutum na mai cika aiki, ya wuce da su har lahira."

Dariya ta ɓarke tun daga 'yan albasa har 'yan tumaki. Wani ya ce a yi musu sutura. Wani ya ce a bar wa ungulu, ita ta fara zuwa. Malami ya ɗaga lasifika zai yi bayani, batirin ya ce shi ma ya gaji. Ya sunkuya yana tattara gutsattsarin, burgamensa ta zamo daga kafaɗa ta yi lilo a gabansa.

Hajiya, da ta riga ta juya, ta tsaya.

"Tsaya, Malam. Wannan fa?"

"Wagga? Tsumma ta, Hajiya, ta zuba goro."

"Miƙo."

Ta sa wayar a jaka ta karɓa da hannu biyu. Fatar ta yi launin dabinon da ya nuna a kan uwarsa, duhu a gefe-gefe, haske-haske a tsakiya inda take gogar ƙugu. Ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Inda babban yatsa ke ɗaga murfi ya yi ɗan gurbi mai sheƙi. Ta juya ta, ta shafa, ta kai hanci, wannan karon ba ta ja mayafi ba.

"Wannan nake nufi. Ita ce. Me ka shafa mata?"

Malami ya buɗe baki. Agadas ta zo har kan harshensa ta koma.

"Ban shafa mata komi ba. Ratayawa kawai nike yi."

"Shekara nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Sayar mini. Faɗi abin da kake so."

Jama'a suka matso. Aka fara zuga shi ya faɗi da nauyi, Allah ya kawo masa mafita. Malami ya karɓi burgamen kamar zai duba abin da ke ciki. Yatsansa ya faɗa kan gindin igiyar, inda aka sake ɗinki, ƙanana, a jere, kamar haƙoran jariri. Sau ukku igiyar nan na tsinkewa. Bai taɓa kai ta gyara ba. Yakan bar ta a zaure ya shiga cikin gida shan kunu, in ya fito ya tarar an gyara, wansa na can ya duƙufa kan wani aikin kamar bai san an yi ba. Ya tuna ranar da aka ba shi ita a tasha: riƙe, ko ba ka samo komi ba, ka dawo da ita.

Mutanen Achida sun ce ba su taɓa ganin bakin Malami a rufe na tsawon haka ba. Ya mayar da igiyar kafaɗa.

"Ba ta sayarwa ba ce."

Hajiya ta ƙara, ya girgiza kai. Ta sake ƙarawa, ya sa hannu ya dafe jakar. Mu'azu ya dube shi, ya yi kamar zai yi shiru, amma hali ya fi ƙarfinsa.

"To Hajiya, ki sayo sabbi ki rataya mishi, ki dawo bayan talatin da ɗaya. Wanga aikin kam ya iya shi."

Hajiya ta goge takalmi ta shiga mota. Malami ya naɗe tabarma da abin da ya saura. Kyauta ta biyo shi taku biyu tana tambaya ko zai bar mata ɗaya ta gwada.

A gida ya zube su gaban Inna. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kara a kunne, ta sake ƙwanƙwasawa. Sai dariya ta kama ta, ta farko tun tafiyarka, Baba, ta yi ta yi har ta share ido da gefen mayafi, kuma ba wanda ya tambaye ta na mene ne hawayen. Da ta gama ta kwance mabuɗin ta aika wa Mu'azu. Washegari albasa ta shiga zaure, buhu sittin. Bappa Malami da kansa ya naɗe buzunka ya kai cikin gida, ya hana kowa taɓawa.

Kwana ukku ya yi bai fita ba. Ran na huɗu aka gan shi wajen masu shayi, burgame a gaba ba a gefe ba, yana ba da labarin yadda wata attajira ta taso tun daga Abuja ta durƙusa da mabuɗin mota a hannu, ya ce mata ta tashi. Ya ce jakar da ya tsufar da hannunsa ba ta da kuɗi. Kuma burinsa ɗaya ya cika: ba mai ce masa na Isa yanzu. Daga Wurno har Goronyo, Malami Ganda ake ce masa, yana kuma amsawa.

Saura magana ɗaya, Baba. Ajali bai riga ta goma sha biyun ba, rabi ya samu. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na shiga zaure na tarar da ita a kan buzu, basillarka soke a igiyar, zaren na reto inda ka tsaya. Na sa ta cikin riga na fita. Ni na ƙarasa ɗinkin, a karkace, ana gane inda naka ya ƙare nawa ya fara. Ban shafa mata komai ba. Kullum dai tana jikina ƙarƙashin taguwa, in na je gona, in na dawo. Jiya na fito da ita a hantsi, sai na ga wajen da nake riƙewa ya fara ja, ɗan kaɗan, kamar bayan gurasa. Mu'azu ya ce da farkon damina zai kwashe albasarsa. Basillar tana wajena.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.